Guduma da Kabayid: Tarihin Gyaran Jikin Mota a Ƙasar Gobir

Gyaran jikin mota sana'a ce mai zaman kanta, dabam da kanikanci. Makanike ruwansa da inji da giya da birki. Mai gyaran jiki kuwa, wanda direbobi ke kira fanel-bita, aikinsa yana kan ƙarfen da ya rufe su: ya miƙe inda ya lotsa, ya yanke inda tsatsa ta ci, ya liƙe inda ya tsage, sannan mai fenti ya karɓa ya shafe ya fesa. A gabashin Jihar Sakkwato, cikin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, inda garuruwa irin su Tozai da Turba da Bafarawa da Gatawa da Kurawa suke, wannan sana'a ce ta riƙe motocin da kamfanoninsu suka daɗe da daina ƙerawa. Ba a fahimtar tarihinta sai an dubi mutum biyu tare: mai riƙe da guduma, da mai motar da ke zaune gefe yana sa ido.

Yankin ƙasar fadama ce da jigawa. A nan ne ruwan gulbin Bunsuru da na Gagare ke haɗuwa su bi hanyar Rima, gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga arewa ya same su. A nan ne kufan Alkalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ƙasa mai albarkar noma ce, amma mai wahalar da abin hawa: da rani yashi, da damina taɓo da ambaliya. Jaki da raƙumi da takarkari su ne suka ɗauki kayanta har zuwa lokacin da layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan gyaɗa da auduga da fatu suka sami tashar da za a kai su, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni ta zama jijiyar yankin, manyan motoci kuma suka fara bin ta sannu a hankali.

Motocin kaya na wancan zamani, irin su Bilhodi da Austin, yawanci ba sa zuwa da jiki. Ana sayen shasi ne da inji da kan mota, saura kuwa sai a kai wa kafinta. Shi zai shimfiɗa manyan katakai a kan shasi, ya ɗora falankai, ya tayar da bango, ya ɗaure komai da noti da langa-langa. Katako mai ƙwari daga kudu yake zuwa, saboda haka a birane ake gina bodi, a Kano da Zariya da Gusau da Sakkwato. Abin da ya rage wa garuruwan kan hanya shi ne gyara: falankin da ya karye, ƙugiyar da ta cire, sarƙar ƙyauren baya da ta tsinke. Wannan aiki maƙerin gari ne ya fara yin sa. Wanda ya gaji ƙera garma da galma da linzami bai ji wuyar buga ƙarfen ɗaure bodi ko gyara ganyen sifirin da ya buɗe ba, da zuga-zuginsa da uwar maƙera da awartaki. Tun a lokacin mai mota ya koyi cewa shi ne zai zaɓi katako da kansa, ya ƙidaya noti, domin ɗanyen katako idan ya bushe a kan hanya sai bodi ya saki ya riƙa kuka.

Jikin ƙarfe ya zo da ilimin da maƙera ba ta da shi. Ƙarfen mota siriri ne, wutar gawayi na cinye shi, kuma idan aka buge shi kamar yadda ake bugun fartanya sai ya ƙara faɗi ya lanƙwashe. An koyi sarrafa shi a garejin Ma'aikatar Ayyuka da na En'e, da makarantun koyon sana'a, da garejojin kamfanonin da ke sayar da motoci: SCOA mai Fijo, Leventis mai Marsandi, R. T. Briscoe mai Toyota, da J. Allen, wanda har yau wata unguwar makanikai a Sakkwato ke amsa sunansa. Da yawa daga ƙwararrun farko mutanen kudu ne. Rikicin 1966 da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 sun sa da yawansu barin Arewa, yaran da ke riƙe musu bututun walda suka tsinci kansu su ne iyayen gida. Bayan yaƙi wasu sun dawo, musamman a cinikin kayan gyara, amma guduma ta riga ta shiga hannun 'yan ƙasa.

Shekarun 1970 su ne suka cika hanyoyi da mota. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta masu magana da Faransanci, abin da ya sauƙaƙa shige da fice tsakanin Gobir ta nan da ta Tsibiri da Maraɗi. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, kuma a 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A wannan zango ne aka kafa Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da ANAMMCO mai Marsandi a Inugu. Cikin su duka babu wanda ya shiga rayuwar karkara kamar Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, na 504 a 1968. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekara ta 2000.

Ya kamata a tsaya a kan akori-kura, domin a kanta ne sana'ar ta goge. Wannan Fijo mai buɗaɗɗen baya ita ce motar cin kasuwa a wancan zamani: ranar Alhamis Shinkafi, ranar Lahadi Goronyo, sauran ranaku kuma duk inda kasuwa ke ci. Tana ɗaukar buhunan gero da wake da albasa, a ɗora awaki, mutane su hau sama. Ba a taɓa barin ta yadda ta fito daga kamfani. Da an saye ta sai a ƙara ganyen sifirin baya, a yi mata keji na bututun ƙarfe, a ƙarfafa bambar baya domin masu tsayuwa a kai. Kowane irin kaya da nasa lahani. Gishiri da kanwa da takin zamani suna cin daɓen baya, fitsarin dabbobi ya bi tsagu ya kwanta a ƙasa. Gargadar hanyar tsakuwa tana tsaga ƙarfe a wuraren da aka liƙe shi, musamman gindin ginshiƙan ƙofa da mazaunin shokobzoba. Taɓon fadama yana maƙalewa a ramin taya ya riƙe danshi har rani. Ƙananan Fijo na fasinja kuwa ba su da shasi dabam, jikin ne ƙashinsu. Idan tsatsa ta cinye daɓe da gefunan ƙasa, motar ta rasa abin da ke riƙe ta, ko da injinta na tashi da bugu ɗaya. Landiroba, wadda aka fara yi a 1948, ta bambanta: jikinta na goran-ruwa ne, ba ya tsatsa, sai dai ya tsage, kuma liƙe shi da wutar gas aiki ne da ba kowane mai walda ke iyawa ba.

Muddin sabuwar mota na da sauƙin saye, gyaran jiki aikin bayan haɗari ne kawai. Abin ya sauya daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta gagari ɗan kasuwar ƙauye. Sai aka koma garambawul: a sauke mota gaba ɗaya, a cire kujeru da gilasai da ƙofofi, a sake daɓe, a tayar da ita kamar sabuwa. Mota ɗaya na iya shan wannan sau da yawa a rayuwarta, har ya zamana kanta na wata ne, ƙofofinta na wata, lambar shasi kaɗai ce ta asali. A lokaci guda tsofaffin motocin Turai suka kwararo. Wasu matasan Turawa ne suka tuƙo su ta hamada suka sayar a Arlit da Agadas da Yamai. Mafi yawa kuwa ta tashar ruwan Kwatano suka shigo, suka bi ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi. Waɗannan sun zo da irin tasu cuta: gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ciki, sama tana sheƙi ƙasa ta rube. Kayan gyara kuma suka sami manyan kasuwanni, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda ake yanka motar da ta mutu domin a rayar da wata.

Kayan aikin fanel-bita na karkara ba su da yawa, kuma rashin lantarki ne ya zaɓa masa su. Akwai gudumomi masu bakuna dabam-dabam, da dunƙulallen ƙarfe da yake karawa a bayan wurin da yake bugu, da almakashin kwano, da jak, da sarƙa da itace mai ƙarfi da za a ɗaure mota a ja gaban da ya shige ciki. Sai tulun oksijin, da tukunyar kabayid. Ana zuba duwatsun kabayid a tukunyar, ruwa ya taɓa su, su fitar da iskar asitilin mai wari kamar tafarnuwa. Ita ce ke haɗuwa da oksijin a bakin tocila ta ba da harshen wuta shuɗi mai narka ƙarfe. Farar ƙasar da ake gani zube a bakin irin wannan gareji ragowar kabayid ce. Tukunyar na da haɗari, domin wuta kan koma ta cikin tiyo, kuma babu gwanin da zai kai wuta kusa da tankin mai bai sauke shi ko ya cika shi da ruwa ba.

Gwaninta tana bayyana ne wurin mayar da ƙarfen da ya miƙe fiye da kima. Idan mota ta bugu, wurin ba lotsawa kaɗai yake yi ba, faɗi yake ƙarawa, ko an turo shi waje sai ya yi tozo. Gwani zai ɗora harshen wuta a tsakiyar tozon har wuri kamar faɗin kwabo ya yi ja, ya ajiye tocila da sauri, ya kara ƙarfensa ta baya, ya bubbuga kewayen jan yana tattaro shi ciki, sannan ya danna jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi, wurin ya tsuke. Sai ya shafa tafin hannu a kai, sau da yawa idonsa na wani wuri, domin hannu ya fi ido jin tudu da kwari. Yana iya maimaita wannan a wuri goma a ƙofa ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ne ainihin sana'ar.

Foti ne ya rage masa daraja. Ana kwaɓa shi da ɗan maganin daskarewa, a shafa, cikin 'yan mintoci ya ƙafe, a goge da sanfefa. An yi shi ne domin cike ƙananan ramukan da guduma ta bari, kuma a haka ba shi da laifi. Laifin yana ga wanda ya mayar da shi madadin guduma, ya cika lotsawa mai zurfin yatsa da shi, ko ya toshe ramin tsatsa da tsumma ko kwali ya lulluɓe. Irin wannan aiki yana fita gareji da kyan gani, amma gargadar hanyar Isa ba ta rufa masa asiri: kafin damina ta zagayo ya tsattsage yana zubowa ɓawo-ɓawo. Fenti ma yana da lokacinsa. Da hunturu ƙura ke sauka a kan ɗanyen fenti, shi ya sa ake yayyafa wa ƙasa ruwa a fesa da sassafe kafin iska ta taso. Da damina kuma danshi kan sa shi ya dusashe.

Mutumin Tozai ko wani gari mai girmanta ba ya rasa mai walda kusa da zai liƙe masa keji ko salansa. Garambawul kuwa sai an fita da mota, zuwa Isa ko Sabon Birni ko Shinkafi, in aikin ya yi nauyi a wuce Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi. Nisan nan shi ya haifar da ƙa'idojin zaɓe da sa ido, waɗanda ba a rubuce suke ba amma direbobi da masu motoci suna gadon su. Ba a zaɓar gareji saboda allon da ke bakinsa. A tasha ake tambaya, a nemi motar da mutumin ya gyara shekara biyu ko uku da suka wuce, a je a duba ta. Ana tsayawa a gefenta da hantsi ko la'asar, lokacin da rana ke bugun ta a karkace, a ga ko jikin na yin igiyar ruwa. Ana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa: ƙarfe yana amsawa, foti mai kauri kuwa muryarsa a toshe take. Wasu kan zo da maganaɗisun tsohuwar lasifika, inda ya ƙi kamawa an san abin da ke ƙasa. Ana buɗe ƙofa a rufe, a ga ko tana zama ba sai an buga ba, a ɗaga shimfiɗar ƙafa a dubi daɓe. Garejin kansa ma yana ba da shaida. Wanda ya cika da motocin da tayoyinsu suka nutse a ƙasa, kaji na kwana a ciki, alama ce ta maigidan da ke karɓar kuɗin wannan ya ƙarasa aikin wancan.

Ciniki iri biyu ne. Ko dai jinga, mai gareji ya ɗauki kaya da aiki a kuɗi ɗaya, ko kuma mai mota ya sayi kwano da kabayid da foti da fenti da kansa ya biya kuɗin hannu. Na biyun ya fi wahala amma ya fi tsare dukiya, domin a jinga duk abin da aka rage wa kaya riba ce ga mai aiki, kuma tina ta fi fenti araha. Ko wanne aka zaɓa, mai hankali ba ya biya gaba ɗaya. Yana ba da kafin alƙalami, ya ƙara idan an gama bugu da walda, ya riƙe ciko sai mota ta fito. Mataki mafi muhimmanci shi ne na tsakiya: ya ga motar tsirara, ƙarfe a fili, kafin a shafa komai. Bayan an fesa fenti babu sauran abin dubawa. Kafin a bar mota a gareji ana kwashe batir da safaya da jak da rediyo, a ƙidaya abin da ya rage a gaban shaida, kuma sau da yawa yaron mota ne ke tarewa a garejin, yana taya gugar sanfefa da rana, ya kwana a kan mota da dare. Mai gareji kan roƙi Alhaji mai mota ya ƙara haƙuri, wai aikin ƙwarai ba ya son gaggawa, kuma gaskiyarsa ce. Amma Alhaji ya san motar da aka daina zuwa dubawa ita ce ke komawa ƙarshen layi. Da yawa kan shigar da mota da damina, lokacin da hanyoyin fadama suka yanke, domin ta fito a shirye da kaka.

Idan saɓani ya taso, akan fara da dattawan gareji ko shugabannin ƙungiyar masu gyaran motoci ta NATA da ta direbobi ta NURTW, kafin a kai ga mai gari ko alƙali. A nan sabuwar sana'a ta tarar da tsohon hukunci yana jiran ta. Mazhabar Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓe da su ba a gaban mai kaya ba, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta kawo wannan hukunci. An yi shi ne da masaƙa da marina da maɗinka a zuciya, amma ya hau kan gilashin da ya ɓata a gareji daidai wa daida. Hukunci ne mai adalci, domin mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a bayansa.

Shekarun baya-bayan nan sun matse sana'ar ta fuskoki da dama. Babura masu araha sun karɓe ɗaukar fasinja a ƙananan hanyoyi, Toyota da Golf da Kanta kuma sun maye gurbin Fijo. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, aka rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mafi muni shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda Isa da Sabon Birni ke cikin wuraren da ya fi addaba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a yankin, a Disambar wannan shekara kuma aka ƙona motar fasinja da mutanenta a kusa da Gidan Bawa. Inda kasuwa ba ta ci mota ba ta fita, inda mota ba ta fita ba a gyara ta, kuma mai mota ba ya iya kai-komon da sa ido ke buƙata idan hanyar kanta abin tsoro ce.

A Turai da Amurka gyaran tsohuwar mota abin sha'awa ne na masu hali. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, tana lissafa motar da ta kai shekara 30 cikin kayan tarihi idan an kiyaye ta a kan siffarta ta asali kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Ta fuskar shekaru, Fijo da yawa da suka ci kasuwannin Gobir sun wuce wannan ma'auni, amma sauran sharuɗɗan ba su hau kansu ba: an sake su ne domin su yi aiki, kuma suna aikin har ranar da suka kasa. Daga nan sai 'yan gwangwan su zo da sikeli, a yanka motar da wutar gas, a ware abin da zai shiga wata, sauran a loda shi zuwa masana'antun narka ƙarfe. Hasara ce ta gaske, domin kowace irin wannan mota tana ɗauke da aikin hannun gwanaye da dama da babu inda aka rubuta sunayensu. Yaran da ke shiga gareji a yau sun fi koyon sauya ƙofa da bamba da waɗanda aka ciro daga wata mota, da liƙin roba da shafa foti, domin su ne aikin da sababbin motoci ke kawowa, kuma su ne mai mota ke iya biya.